Kuɗin Fansa da Rasit: Duba Wa'azinmu a Kan Tabbacin Ceto

Ɗalibanmu biyu da suka yi hidimar hutu a Kamazou sun dawo mana da labarin wa'azi biyu da suka ji cikin mako guda, a layi guda. Mun ga ya kamata mu tsaya a kansu, gama duk wanda ya yi hidima a kudancin garin Kaduna ya taɓa jin irinsu, waɗansunmu ma mun taɓa yinsu da bakinmu.

Na farkon a wurin jana'iza ne, ranar Talata. Marigayin ya fito gaba ya karɓi Yesu tun yana saurayi, a wani taron Sabon Rai a ƙauyensu, aka yi masa baftisma. Daga baya ya yi kusan shekara talatin ba ya taka majami'a sai ranar Kirsimeti ko ɗaurin aure. Ya bar matarsa da yara huɗu ya tare a wani gida, unguwa duka kuma ta san yadda ya sayar da filin marayun ƙanensa. A iyakar sanin mutane, bai nemi gafarar kowa ba har ya mutu. Mai wa'azi ya karanta Yohanna 10:28, ya ɗaga katin baftismar marigayin da aka tono daga ƙasan akwati, ya ce kada kowa ya yi shakka, ɗan'uwanmu yana gida wurin Ubangiji, domin wanda aka cece shi sau ɗaya an cece shi ke nan har abada. Marayun suna zaune a benci na uku.

Na biyun daren Jumma'a ne, a kwanan addu'a na wata majami'a da ke ƙarshen layin. Mai wa'azi ya karanta Ibraniyawa 10:26. Ya ce in ƙaho ya busa a daren nan ya same ka da fushin da ba ka huce ba, ko bashin zakkar wata ɗaya, ko ya same ki da 'yan kunne, an bar ku. Sunan da aka rubuta a sama da safe, in ji shi, ana iya share shi kafin la'asar. Ya yi kira, mutane suka fito suna kuka. A cikinsu ɗalibinmu ya gane wata 'yar Zumuntar Mata da ta yi waƙa a jana'izar ranar Talata. Da aka tashi ya gaishe ta, ta ce masa, “Ɗana, wannan ne karo na huɗu da na ba da raina ga Yesu a bana.”

Ba abin mamaki ba ne mace ɗaya ta ji duka biyun. Kamazou ƙasar Gbagyi ce tun asali, cikin ƙaramar hukumar Chikun. Rikicin shari'a na Fabrairu da Mayu 2000, da na Nuwamba 2002, su suka raba garin Kaduna gida biyu. Kirista da yawa suka bar Rigasa, Tudun Wada da Kawo suka tsallako kogi, suka cika Sabon Tasha, Unguwar Boro, Narayi, Romi, har aka kai Kamazou. Kowa ya zo da ekkilisiyarsa. Ga ECWA, ga Baptis, ga Katolika da Angilikan, ga Assemblies of God da Deeper Life, ga kuma waɗanda suka kama hayar shago suka sa lasifika. A ƙauye muryar fasto ɗaya ake ji. A nan mai bi yana kwance a ɗakinsa koyarwa uku suna shigo masa ta taga. Faston da bai daidaita zancen ceto a zuciyarsa ba, maƙwabcinsa zai daidaita wa tumakinsa.

Mu fara da namu

Yawancinmu mun fito daga ekkilisiyoyin da suke koyar da cewa Allah yana riƙe nasa har ƙarshe. Mun yarda da wannan koyarwa. Saboda mun yarda da ita ne ya sa wa'azin ranar Talata ya fi yi mana ciwo.

Gardamar tsohuwa ce, kun kuma karanta tarihinta a aji, don haka ba za mu daɗe a kanta ba. Agustin na Hippo, a ƙasar da ake kira Aljeriya yanzu, ya yi ta da Pelagius a farkon ƙarni na 5, ya koyar da cewa jimrewa har ƙarshe ita ma baiwar Allah ce. A 1610 almajiran Arminius a ƙasar Holan suka rubuta batutuwansu biyar, a na biyar ɗin ma ba su yanke hukunci ba, suka ce a ƙara bincika Nassi a ga ko mai bi na gaske yana iya fāɗuwa ya hallaka. Majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619 ta amsa musu da cewa ba ya iyawa. John Wesley a Ingila ya ce yana iyawa, suka saɓa da abokinsa George Whitefield a kan zaɓe da abin da ya rataya da shi wajen 1740. Abin da ɗalibai suke yawan mantawa bayan jarrabawa shi ne abin da Dort ta faɗa a zahiri. Ta yi magana a kan jimrewar tsarkaka. Ta yarda mai bi na gaske yana iya yin mummunar fāɗuwa kamar Dauda da Bitrus, amma ta ce Allah yana komo da shi ga tuba, yana kuma riƙe shi ta wurin jin Maganarsa, da gargaɗi, da alkawarai, da Jibin Ubangiji. Ke nan da an kawo mutumin Dort da mutumin Wesley bakin kabarin nan na Kamazou, ɗaya zai ce wataƙila marigayin bai taɓa samun sabuwar haihuwa ba, ya nuna 1 Yohanna 2:19, ɗaya kuma ya ce wataƙila ya samu ya yar. Ko ɗaya cikinsu ba zai ɗaga kati ba.

To, daga ina ɗaga katin ya zo? Yana da dangi a Amurka. A 1988 John MacArthur ya fitar da The Gospel According to Jesus, yana cewa ba a karɓar Yesu Mai Ceto a ƙi shi Ubangiji. A 1989 Zane Hodges, wanda ya daɗe yana koyarwa a makarantar tauhidi ta Dallas, ya amsa masa da Absolutely Free!, ya kai har ga cewa wanda ya taɓa ba da gaskiya ba ya hallaka ko da ya daina ba da gaskiya. Hanyar da ke tsakanin Dallas da makarantunmu tsohuwa ce. Marigayi Byang Kato ma can ya yi karatu a farkon shekarun 1970, ko da yake ba za mu jingina masa ra'ayin Hodges ba. Amma kada mu ɗora wa baƙi laifin duka. Mai wa'azin ranar Talata bai karanta Hodges ba. Jana'iza ce, dangi sun taru daga nesa, an yanka saniya, an ɗinka anko, ba ya so ya ɓata wa kowa rai. Ya tarar da gajeriyar magana mai daɗin faɗa, ya fake a bayanta. Ayar da ya karanta kuwa tana da 'yar'uwa a gabanta: aya ta 27 ta bayyana tumakin da ba a iya ƙwacewa, ta ce masu jin muryar makiyayi ne, masu bin sa. Ya fara karatu daga 28.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Da bakinmu muna wa'azin alheri, amma yadda muke tafiyar da ekkilisiya yana koyar da wani abu dabam. Yarinyar da ta yi ciki kafin aure muna sa ta a bencin baya wata shida, saurayin kuwa sau da yawa ya sulale. Mai shan burkutu mun san yadda za mu yi da shi, mai mata biyu ma haka. Yaushe rabon da mu ji an sa dattijo a horo don ya hana lebura kuɗin aikinsa, ko don ya sayar da fili ɗaya ga mutum biyu? Yaƙub 5:4 a kan hakkin ma'aikata yake, kuma a unguwar da kowace safiya ake haƙa sabon tushen gini, ba aya ce mai nisa ba. Masu bi suna kallo. Sun gane cewa akwai jerin zunuban da ake gani, in ka kauce musu kana cikin lafiya. Shi ya sa in ka tambayi wanda ya shekara ashirin yana cin Jibin Ubangiji ko yana da ceto, amsar da za ka fi ji ita ce, “Fasto, ina dai ƙoƙari.” Tabbaci mun ajiye shi domin matattu, masu rai kuwa mun bar su da ƙoƙari.

Harshen da muke wa'azi da shi yana da hannu a ciki. Yawancin jama'armu a Kamazou Gbagyi ne, Bajju, Atyap, Ham, Adara da sauransu, Hausa ce ta haɗa su a sujada, kalmomin kuma sun iso mana da kayansu a kā. Ɗauki alheri. Bahaushe ya ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato yana komowa ga mai shi. A wurin biki mata suna da littafin da ake rubuta wadda ta kawo da abin da ta kawo, domin ranar nata bikin a mayar mata, da ƙari. Mutumin da ya tashi cikin wannan, in ka ce masa Allah ya yi masa alheri, abin da zai fara zuwa masa shi ne an rubuta sunansa, ranar biya tana tafe. Ɗauki lada, ɗauki ceto. A bakin maƙwabtanmu Musulmi ceto yana nufin roƙon da Annabinsu zai yi wa al'ummarsa ranar alƙiyama, abu ne na gaba, ana fatansa. (A nan mu yi hattara da zancen da muke yawan yi, wai su ayyuka kawai suka sani. Malamansu suna koyar da cewa aikin mutum ba ya shigar da shi aljanna sai da rahamar Allah. Bambancinmu da su yana wurin gicciye, can ya kamata mu kai maganar.) Har kalmar bangaskiya kanta, in ba a buɗe ta ba, kunne yana iya jinta kamar yarda da cewa labari gaskiya ne. Yaƙub 2:19 ya nuna aljanu ma suna da irin wannan. Kalmar Helenanci da aka fassara haka ta ƙunshi dogara da riƙon amana. Mai wa'azi da Hausa dole ya riƙa kawo su dogara, jingina da amana su tsaya kusa da ita.

Wa'azin daren Jumma'a

Kafin mu soke shi, mu ba shi hakkinsa. Ekkilisiyoyin da suke nanata tsarki sun riƙe wani abu da muka saki. Deeper Life, wadda ta faro daga ajin nazarin Littafi Mai Tsarki da W. F. Kumuyi ya fara a Legas a 1973, an san ta da koyar da mayar da abin da mutum ya ci na wani. Mu kan yi musu dariya a kan ɗankwali da 'yan kunne, amma Zakka mai karɓar haraji na Yariko, cikin Luka 19, abin da ya yi ke nan ranar da ceto ya shiga gidansa. Da marigayin nan ya zauna ƙarƙashin irin wannan koyarwa, mai yiwuwa da marayun suna da filinsu. Ba kuma kowane mai bin Wesley yake wa'azi kamar na daren Jumma'a ba. Wesley kansa ya koyar da tabbacin ceto, ya ce Ruhu yana shaida wa mai bi cewa shi ɗan Allah ne.

Laifin wa'azin shi ne ya mai da kowane tuntuɓe ridda. Ibraniyawa 10:26 tana magana da mutanen da tsanani ya sa suna shirin juya wa Kristi baya da gangan, su raina jininsa. Ayoyi 29 da 32 zuwa 34 sun nuna haka sarai. Ba a rubuta ta don matar da ta yi wa mijinta tsawa da safe ba. Ga wannan akwai 1 Yohanna 1:9 da 2:1, inda mai bi yake furta zunubinsa yana da mai tsaya masa a gaban Uba. Wanda aka koya masa cewa sunansa yana shiga yana fita kamar wutar lantarki, biyayyarsa ta tsoro ce, tsoro kuwa yana gajiya. Waɗansu sukan fita gaba har su gaji su daina zuwa. Waɗansu su koyi ɓoye zunubi, wanda ya fi muni. Sai kuma ga zancen zakka a cikin jerin. Duk wanda ya rataya ceton mutum a kan abin da yake sakawa a akwatin baiko, ya karanta abin da Bitrus ya faɗa wa Siman mai sihiri cikin Ayyukan Manzanni 8.

In aka duba da kyau, masu wa'azin nan biyu kuskure ɗaya suka yi. Dukansu sun ɗauki ceto kamar rasit da mutum yake riƙe da shi a aljihu. Ɗaya ya ce rasit ɗin ba ya ɓata ko da ka yi me, ɗaya ya ce yana lalacewa kowane mako sai an sake yanka wani. Idon duka biyu yana kan aljihun mutum. Littafi Mai Tsarki kuwa ya ba mu wata kalma da take juya ido zuwa wani wuri, kuma babu inda ake jin nauyinta yau kamar Chikun.

Fansa

Ranar 5 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar sakandaren Bethel Baptist da ke Damishi, kusa da Maraban Rido, a kan hanyar Kachia wadda mutanen Kamazou suke bi kullum. Suka kwashi ɗalibai fiye da 120. An riƙa sako su kashi kashi, shugabannin Baptis sun faɗa a fili cewa an biya miliyoyin naira, na ƙarshensu kuwa bai dawo gida ba sai bayan fiye da shekara biyu. Wannan wanda duniya ta ji ke nan. Waɗanda ba a ji ba, kowane fasto a yankin yana da nasa: gidan da aka sayar da gona, ekkilisiyar da ta yi baiko na musamman, ɗan'uwan da ya ɗauki jaka ya shiga daji. Shekara goma sha biyar da suka wuce, kalmar fansa sai a majami'a ake yawan jinta. Yanzu yaro ɗan firamare ya san kuɗin fansa.

Da kalmar nan aka fassara Markus 10:45, da 1 Bitrus 1:18-19, da Titus 2:14. Waɗanda suka fitar da Littafi Mai Tsarki na Hausa a 1932 sun same ta da rai, domin sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. A Kano da Sakkwato na ƙarni na 19, bawa yana iya yin sana'arsa yana biyan ubangijinsa murgu, yana iya kuma tara kuɗi a hankali ya yi fansar kansa. Masu jin bishara na farko sun san bambancin wanda ya fanshi kansa da wanda wani ya fanshe shi. Wa'azin daren Jumma'a murgu ne: biya kowane mako, kana nan bawa. Ya ma fi haka muni, domin ya ba Allah kamannin waɗanda iyaye a Chikun suka sani, masu karɓar kuɗi su ce bai cika ba, a ƙaro babur, a ƙaro katin waya, wani lokaci su riƙe wanda ya kawo jakar. Mai wa'azin ba haka yake nufi ba, mun sani. Amma haka uwar da ta taɓa jiran kiran waya daga daji za ta ji shi.

Wa'azin ranar Talata kuwa ya ba mu labarin da ba uban da zai yarda da shi. An biya fansa cif, an kwance igiya, sai wanda aka fansa ya ci gaba da zama a sansanin, yana ci da su yana yi musu aike, shekara talatin, ya ce ai yana da takarda. Uban da ya sayar da gonarsa ba takarda ya saya ba. Ɗansa yake so ya ga ya shigo gida. Titus 2:14 ta faɗi dalilin fansar a cikin jimla ɗaya da fansar: a fitar da mu daga mugunta, a mai da mu jama'ar da ta zama tasa, masu himmar aikin kirki. 1 Korintiyawa 6:19-20 ta ce tun da an biya tamaninmu, mun daina zama na kanmu. Tsarin Fitowa ma haka yake. Jinin ɗan rago yana sura ta 12, ƙetare teku sura ta 14, dokoki sai a sura ta 20, kuma sun buɗe da tuna wa jama'a wanda ya riga ya fisshe su. Ba a ba Isra'ila doka a Masar a ce in sun kiyaye za a sake su ba. Ba a kuma sake su don su zauna a Masar ba.

Misalin yana da iyaka, dole mu faɗa wa jama'a iyakarsa. Allah bai biya wani ɗan bindiga ba. Waɗansu malaman farko, irin su Origen, sun yi tunanin Shaiɗan aka biya, Gregory na Nazianzus ya ƙi wannan tun ƙarni na 4, Anselm ma ya rushe shi a ƙarshen ƙarni na 11. Nassi ya faɗi tamanin, ya faɗi abin da aka fisshe mu daga ciki, ya bar maganar a nan. Muna kuma roƙonku, kada ku ɗauki ciwon iyayen nan ku mai da shi kayan ado na wa'azi. In akwai wanda nasa yana daji har yanzu, ku yi addu'a tare da shi, misalin ya jira wata rana.

Da wannan ido, faɗan da ake haɗa Bulus da Yaƙub yana raguwa. Martin Luther ya raina wasiƙar Yaƙub a gabatarwarsa ta 1522, ya ga kamar ba ta da ƙwaya. Amma tambaya biyu ce dabam. Bulus cikin Romawa 4 yana amsa wanda ya ce da me aka biya, sai ya kai mu Farawa 15, inda Ibrahim bai kawo kome ba sai dogara. Yaƙub cikin sura ta 2 yana amsa wanda ya ce an biya masa alhali ƙafarsa ba ta motsa ba, sai ya kai mu Farawa 22, shekaru da yawa bayan haka, inda dogarar nan ta hau dutse. Bulus kansa bai tsaya a Afisawa 2:9 ba. Aya ta 10 ta ce an halicce mu domin ayyukan da Allah ya riga ya shirya. Muna sa yaran ajin baftisma su haddace 8 da 9, ta goman kuwa mu bar ta. Wani ɗalibi ya taɓa cewa a aji ayyuka tukwici ne, tun da yaba kyauta tukwici. Ya fi wanda ya ce farashi ne nesa ba kusa ba, sai dai tukwici ɗan abu ne da ake miƙawa a sallami ɗan aike. Romawa 12:1 mutum ɗungum take nema.

To, gargaɗin fa? In Allah yana riƙe nasa, me ya kawo Ibraniyawa 6 da 10? Ayyukan Manzanni 27 tana taimakonmu. Mutum 276 suna cikin jirgin ruwa, hadari ya sa sun fid da zuciya. Bulus ya gaya musu Allah ya yi alkawari ba ran da zai salwanta. Bayan 'yan ayoyi, da ma'aikatan jirgin suka nemi sulalewa, Bulus ɗin nan ya ce wa sojoji in mutanen nan ba su tsaya ba, ba za ku tsira ba. Alkawarin gaskiya ne, gargaɗin ma gaskiya ne, ta wurin gargaɗin kuma alkawarin ya cika. Haka muke karanta Filibiyawa 2:12-13, da Yahuda 21 da 24, inda aka ce mu tsare kanmu, aka kuma yabi wanda yake da ikon tsare mu.

Ba za mu ce wannan ya kwance kowane ƙulli ba. Ibraniyawa 6:4-6 ta kwatanta mutanen da kalmomi masu nauyi ƙwarai, har da tarayya cikin Ruhu Mai Tsarki, 'yan'uwanmu masu bin Wesley kuma ba wauta suke yi ba da suka karanta ta yadda suka karanta. Mu mun fi karkata ga aya ta 9, inda marubucin ya ce yana sa ran abin da ya fi wannan game da masu karatunsa, da kuma Romawa 8 da Yohanna 6:39. Amma mun lura da wata ɗabi'a a takardun jarrabawa: ɗalibi yakan cika shafi uku yana bayyana wanda ayar ba ta nufa ba, har ba wanda ya rage da za ta taɓa. Marubucin ya rubuta ta ne don ta tsorata masu zama a benci. Faston da ya cire mata haƙora ya hana jama'arsa ɗaya daga cikin igiyoyin da Allah yake riƙe su da su.

A hidima, wuyar aikin ita ce sanin wa ke gabanka. Akwai wadda za ta zo da dare, ta dawo daga daji, ta ce a can ta yi abin da ba ta iya faɗa, ko ta furta abin da aka tilasta mata don ta rayu, ta tambaya ko Yesu yana sonta har yanzu. Ekkilisiyar Afirka ta taɓa fuskantar wannan. Bayan tsanani na sarki Decius a shekara ta 250, Novatian a Roma ya ce waɗanda suka fāɗi ba su da hanyar komowa, Cyprian na Kartaj da majalisarsa ta 251 suka buɗe musu ƙofa ta wurin tuba, ekkilisiya kuma ta bi Cyprian. Irin wannan mace ba Ibraniyawa 10 za a buɗe mata ba. A kai ta Luka 22:31-32, ta ga an yi wa Bitrus addu'a tun kafin ya yi musu, a kai ta Yohanna 21, ta ga an ba shi abinci kafin a yi masa tambaya, an kuma mayar masa da aikinsa. Haka ma 'yar Zumuntar Matan nan. Abin da ya rage mata shi ne wani ya zauna da ita ya nuna mata cewa baƙin cikin da take ji a kan zunubinta shi kansa alamar rai ne, tuba ta kullum kuma ba sabuwar haihuwa ta kullum ba ce. Dattijon da yake barci lafiya a kan hakkin mutane, shi ne mai bukatar Matta 7:21-23, tun yana da kunnen ji.

A bakin kabari kuwa ba a ba mu ikon buɗe littafin rai ba, ko don shigarwa ko don fitarwa. Ɓarawon kan gicciye ya isa ya hana mu yanke wa kowa hukunci, gama ba mu san abin da ya wuce tsakanin mutum da Allah a daren ƙarshe ba. Mai wa'azin ranar Talata yana iya cewa marigayin yana hannun Alƙali mai adalci da jinƙai, ya juya ga masu rai ya yi musu bisharar fansa, dangi ba za su tashi da fushi ba. Yana iya kuma kiran dattawa bayan kwana bakwai su zauna da iyalin a kan hakkin yaran. Har ɗalibanmu suka baro Kamazou, wanda ya sayi filin ya kai ginin taga, babu kuwa dattijo ko ɗaya da ya ta da maganar.